Wa ya ba 'yan kallo ikon yafe wa Jason Bourne?

Ranar 23 ga Yuli, 2004 aka fara haska The Bourne Supremacy a silimomin Amurka. Ta fuskar kuɗi babu gardama: sama da dala miliyan 52 a kwana ukun farko, ya kuma tashi da kusan miliyan 290 a faɗin duniya, alhali abin da aka kashe wajen shirya shi kamar miliyan 75 ne. Kashi na farko, The Bourne Identity na 2002, miliyan 214 ya tara. Amma mutanen da suka zuba wannan kuɗi ba da baki ɗaya suka fito daga silima ba. Wasu sun fito dafe da kai, wai kyamarar ta sa su jiri. Wasu ransu a ɓace saboda an kashe Marie, masoyiyar jarumin, tun labari bai yi nisa ba. Mafi yawa kuma tseren motocin Mosko ne a bakinsu, kowa na kwatanta yadda tsohuwar tasi ta riƙa karo da motoci a hanyar ƙarƙashin ƙasa.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, kuma har yau in aka tayar da zancen fim ɗin, nan ake komawa: kyamara, Marie, mota. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tambayar da fim ɗin kansa ya ajiye a gaban mai kallo ita ce aka fi tsallakewa. Mutumin nan makashi ne. Ya kashe mutanen da ba su yi masa komai ba. Me ya sa muke bayansa tun daga farko har ƙarshe, kuma da muka tashi daga kallo muna jin ya wanku, wa ya wanke shi?

Ga wanda bai gani ba ko ya manta, Bourne, wanda Matt Damon ya hau matsayinsa, tsohon makashi ne a wani shirin ɓoye na hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, mai suna Treadstone. A kashi na farko masunta ne suka tsamo shi daga teku da harsasai a baya, ko sunansa ba ya tunawa. A na biyu mun tarar da shi a Goa ta ƙasar Indiya, shi da Marie suna ɓuya, yana rubuta guntayen abin da ke faɗo masa a wani littafi. Can a Berlin kuma wani ɗan Rasha mai suna Kirill ya kashe jami'in CIA da mutumin da ya zo sayar masa da wasu takardu, ya kwashe takardun da dala miliyan 3, ya bar tambarin yatsan Bourne a wurin don a ɗora masa. Sai ya bi shi har Goa domin ya rufe bakinsa. Harsashin da aka nufi Bourne da shi Marie ya samu, tana tuƙi a kan gada, motar ta afka ruwa.

Masu karatun littattafan Robert Ludlum, marubucin da ya ƙirƙiro Bourne, sun ce suna kawai aka ara, kuma gaskiya suka faɗa. Littafin na 1986 a Hong Kong da ƙasar Sin yake gudana, Marie kuma sace ta aka yi, ba kashe ta ba. Marubucin fim ɗin, Tony Gilroy, wani labari daban ya gina. Wannan ƙorafi bai dame ni ba, domin abin da ya gina ɗin ya fi na littafin nauyi.

Ƙorafin kyamara kuwa ba zan ce ba shi da tushe ba. Akwai wuraren da za ka zura ido ka kasa gane hannun wa ya doki wa. Da kashi na uku ya fito a 2007 abin ya ƙaru, har shahararren mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya wallafa wasiƙun masu karatunsa da ke kukan tashin zuciya. Wannan kashi na ukun dai shi ne kuma ya ci kyautar Oscar uku, ɗaya daga ciki ta haɗa hoto. Wato abin da ya sa wani amai shi ya ba wani lambar yabo. Amma ya kamata a san daga inda daraktan, Paul Greengrass, ya ɗauko wannan hannu. Ɗan jarida ne na talabijin a Birtaniya kafin ya shiga fim, ya yi aiki a shirin binciken ƙwaƙwaf na World in Action. Da shi aka rubuta Spycatcher, littafin tsohon jami'in leƙen asiri Peter Wright wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta yi ta fafutukar hanawa a 1987. Fim ɗin da ya fito da sunansa, Bloody Sunday na 2002, a kan ranar 30 ga Janairu, 1972 ne, ranar da sojojin Birtaniya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Derry ta Arewacin Ireland, mutum 13 suka mutu nan take. Mutumin da ya fito daga can ba zai ɗauki kisa kamar rawa ba.

A duba faɗan Munich. Bourne ya shiga gidan Jarda, wani tsohon abokin aikinsa na Treadstone, don ya yi masa tambaya. Zance ya ƙare da wuƙa a hannun Jarda, shi kuma Bourne ya naɗe mujalla ya riƙe. Ba kiɗa. Sai nishi, da ƙarar labulen taga, da jikin mutum na bugun bango. Ƙarshenta da wayar lantarki ya shaƙe shi a ƙasa, aka daɗe ana nuna mana ƙafafun mutum na shure-shure. 'Yan kallo sun fi tuna dabarar da ta biyo baya, yadda ya buɗe bututun gas ya cusa mujallar a na'urar gasa burodi gidan ya tashi. Ni abin da ya zauna mini shi ne bayan nan, inda ya tsaya a gaban famfo yana dirzar jini daga hannunsa, yana kallon hannun kamar na wani ne. A duk tsawon fim ɗin, in aka cire abin da ya tuno na baya, wannan ne kaɗai mutumin da muka ga ya kashe da hannunsa. Da an ɗauki faɗan nan tsaf, kyamara a tsaye, kowane naushi a fili, da mun yi tafi. Yadda aka ɗauke shi, sai mutum ya ji yana so a gama.

Game da Marie, ina tare da masu jin haushi har wani wuri. Kashe mace don a samar wa namiji dalilin tashi tsohuwar hanya ce da marubuta ke bi in sun rasa dabara, kuma Franka Potente, wadda ta fito a Marie, ita ce ta ba kashi na farko ɗumi. Sai dai a lura da abin da aka yi da mutuwar tata. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san ƙa'idar: an taɓa matar jarumi, to yaran bos za su ƙare ɗaya bayan ɗaya, shi kuma bos a ajiye shi sai faɗan ƙarshe. Nan ba haka aka yi ba. Maganar ƙarshe tsakaninsu a cikin mota, ya ce mata ba su da zaɓi, ta ce masa kana da shi. Daga baya a Berlin ya ɗora bindiga a kan Ward Abbott, babban jami'in da ya ƙulla komai, Abbott na cewa ya harba, ya ƙi, ya ce Marie ba za ta so haka ba. Muryarsa kawai ya naɗa ya bar wa hukuma. A Mosko kuma, bayan motar Kirill ta daki ginshiƙin kankare, ya tako da bindiga a hannu, ya leƙa ya ga mutumin da ya kashe masa mata jina-jina, ya juya ya tafi. Na sha jin masu cewa ai bai rama ba, fim ɗin bai ƙosar ba. Ni a ganina nan ne ya fara zama abin tattaunawa.

To amma me ya sa tun asali muke son Bourne? Mantuwa ce. Marubuta sun ba mu mutum mai hannun makashi da zuciyar jariri. Yana jin harsuna, yana karya hannun 'yan sanda cikin ƙiftawar ido, yana haddace lambobin motocin da ke waje, kuma duk ba laifinsa ba ne tunda bai san inda ya koyo ba. Muna morar gwanintar ba tare da mun ɗauki nauyinta ba, kamar mai cin tsire da bai taɓa leƙa mayanka ba. Kashi na farko ma ya ƙara sauƙaƙa mana: abin da Bourne ya tuno a ƙarshe shi ne aikin da ya kasa yi, lokacin da ya tarar da wanda aka aike shi ya kashe yana tare da 'ya'yansa a jirgin ruwa, hannunsa ya ƙi. Wato ko da ya tuna, alheri ya tuno.

Kashi na biyu ya ƙwace mana wannan sauƙi. A wani ɗaki na otal ɗin Brecker a Berlin, Bourne ya tuno aikinsa na farko. Vladimir Neski ɗan siyasar Rasha ne da ya gano wata sata, yana shirin fallasawa. An ce wa Bourne zai same shi shi kaɗai. Sai ga matarsa. Ya harbe su duka biyu, ya shirya ɗakin yadda za a ce matar ce ta kashe mijinta sannan ta kashe kanta. Haka jaridu suka buga, haka duniya ta ɗauka, haka kuma 'yarsu Irena ta tashi tana ɗauke da wannan labari a kan mahaifiyarta.

Tseren motocin da kowa ke yabo, a hanyar zuwa wurin yarinyar nan aka yi shi. Mutane da yawa sun manta da haka. Ba Kirill ya je nema a Mosko ba. Da harbi a kafaɗa, yana ɗingishi, ya isa wani dogon bene na talakawa a gefen gari, ya shiga ɗakinta ya zauna yana jira. Ta shigo ta gan shi, ta ɗauka ɓarawo ne, ta ce ba ta da kuɗi. Ya ce ta zauna. Ya dubi hoton iyayenta. Sannan ya gaya mata: abin da aka faɗa miki ba shi ne ya faru ba, mahaifiyarki ba ta kashe mahaifinki ba, ni na kashe su, aikina ne, kuma shi ne karo na farko. Ya ce idan aka raba mutum da abin da yake ƙauna, yana son sanin gaskiya. Ya ba ta haƙuri, ya miƙe ya fita. A nan kyamarar da ake kuka da ita ta natsu, ta tsaya a fuskokin mutum biyu. Oksana Akinshina, wadda ta fito a Irena, kusan ba ta furta komai ba bayan ya fara magana, hawaye ne kawai. Ba ta ce ta yafe ba. Shi ma bai ce ta yafe masa ba.

Wannan shi ne daidai, kuma ina girmama waɗanda suka shirya fim ɗin da ba su cusa mata kalmar yafiya a baki ba. Matsalar tana wurinmu. Yarinyar ta yi shiru, mu muka amsa a madadinta. Muna ganin ya fito yana jan ƙafa, sai zuciya ta ce shi ke nan, bawan Allah ya tuba, ya sha wuya, a ƙyale shi. Alhali mu da muka tashi a karatun zaure mun san ba haka tuba take ba. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin ɗan'adam daban. Nadama da dainawa ba su isa ba sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma a sha'anin jini magadan mamaci ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Maƙwabci ba ya yafe jinin da ba nasa ba, balle ɗan kallo.

Idan aka auna Bourne da wannan ma'auni, ya biya wani abu, kuma ba ƙarami ba. Ya mayar wa yarinya da uwarta. Daga ranar ba 'yar wadda ta kashe mijinta ba ce, 'yar mutum biyu ce da aka zalunta. Wanda ya ce gara da ya bar ta cikin rashin sani don kada ya fama mata ciwo, bai san nauyin abin da take ɗauke da shi ba. Amma kuma ya sauke kayansa ya fice kafin ta samu bakin magana. Bai ce mata ga ni, ki kira hukuma ba. Bai tsaya gaban alƙali ba. Shi ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi adadin abin da zai faɗa, shi ya yanke lokacin tafiya. Har a wajen neman afuwa, ragamar tana hannun mai ƙarfi.

Ba a fim kaɗai ake wannan ba. Afirka ta Kudu, lokacin da hukumar gaskiya da sasantawa ta Desmond Tutu ta fara zama a 1996, sharaɗin afuwa shi ne mutum ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata, a bainar jama'a, sau da yawa a gaban iyalan waɗanda ya kashe. Sama da mutum 7,000 suka nema, 849 aka ba. Duk da haka iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata da ya mutu a hannun 'yan sanda, sun je har kotun tsarin mulki suna cewa gwamnati ba ta da hurumin yafe abin da aka yi musu. Sun faɗi a shari'ar, amma daga baya an hana 'yan sandan da ke da hannu a mutuwarsa afuwar. A nan gida, tun 2016 ake da shirin Operation Safe Corridor, ana kai tubabbun 'yan Boko Haram sansanin Malam Sidi a jihar Gombe, a koya musu sana'a a mayar da su cikin jama'a. Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar tuba, don wanda ya san ba shi da mafita ba zai ajiye bindiga ba. Amma kukan da 'yan gudun hijira a Borno suka daɗe suna yi ba ɓoyayye ba ne: ana yafewa da sunansu ba a tambaye su ba. Matar da aka yanka mijinta a gabanta, ko aka tafi da ɗanta ba labari, ko abin da Irena ta samu ba ta samu ba.

Inda fim ɗin ya ja da baya kuma, dole a faɗa. Me ya sa kisan Neski ya zama laifi a cikin labarin? Saboda ba hukuma ce ta ba da umarni ba. Abbott ne ya haɗa baki da wani attajirin man fetur na Rasha, Yuri Gretkov, suka sace dala miliyan 20 na CIA, aka yi amfani da Bourne don a rufe asirin. Sai aka kawo Pamela Landy, jami'a mai gaskiya, ta tono komai, Abbott ya harbe kansa, aka kama Gretkov. Mai kallo ya tafi gida da cewa ɓarawo ɗaya ne ya ɓata gidan, an kuma cire shi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Sauran mutanen da Treadstone ta kashe da sa hannun manya, da takarda, da kasafin kuɗi, su fa?

Tarihi bai nuna cewa matsalar ta ɓarayi ce ba. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bayyana a 1975 cewa CIA ta shirya kashe Patrice Lumumba na Kongo da guba, ta kuma ƙulla makirci aƙalla takwas a kan Fidel Castro. Ba wanda ya yi haka don ya ɓoye sata, manufa ce ta gwamnati. Shi ya sa Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a umarnin hana kisan siyasa a 1976. A Nuwamba 2002 kuma jirgin CIA maras matuƙi ya harba makami kan wata mota a Yemen ya kashe mutum shida. Wata uku kafin fitowar fim ɗin duniya ta ga hotunan gidan yarin Abu Ghraib, kuma ana gobe za a fara haska shi aka fitar da rahoton kwamitin binciken harin 11 ga Satumba. 'Yan kallon Amurka na 2004 sun shiga silima da shakku a kan hukumominsu, fim ɗin ya taɓa shakkun, sannan ya lallashe su.

Akwai kuma abin da ni a matsayina na ɗan Afirka ba zan iya kau da kai a kansa ba. Mutumin da aka aiki Bourne ya kashe a kashi na farko, Wombosi, hamɓararren shugaban wata ƙasar Afirka ne, kuma Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, shi ya fito a matsayinsa. An zana shi mai hayaniya da barazana, yadda ba wanda zai yi kewarsa. Bourne ya kasa, sai wani makashin Treadstone ya harbe shi a gidansa na Paris. An nuna mana 'ya'yansa, su ne ma dalilin da lamirin jaruminmu ya farka. Bayan nan ba a sake waiwayarsu ba. Ba wanda ya hau bene ya zauna ya gaya musu wa ya kashe ubansu da dalili. 'Yar ɗan siyasar Rasha mai gaskiya ta cancanci bayani, 'ya'yan baƙin shugaba kuwa aikinsu a labarin ya ƙare da zarar sun taɓa zuciyar Bature. A duk muhawarar da ake yi kan waɗannan fina-finai, wannan bai cika shigowa ba.

Masu shirya fim suna sauraren 'yan kallo, kuma abin da suka ji shi suka bi. James Bond ya sauya hali a Casino Royale na 2006, ya zama mai zubar da jini da gumi. A Quantum of Solace na 2008 har mutanen Bourne aka ɗauko, Dan Bradley mai shirya tseren motoci da Richard Pearson mai haɗa hoto. Shekara goma bayan nan kusan kowane fim ɗin faɗa kyamararsa na rawa, yawanci don a ɓoye cewa jarumin bai iya faɗan ba. Rawar kyamara aka gada. Makashin da ke zuwa ya zauna gaban marainiyar da ya mayar marainiya bai samu masu kwaikwayo haka ba, saboda ba shi muka fito muna labari ba.

Shi kansa The Bourne Supremacy bai tsaya a ɗakin Irena ba. Jaridar Guardian ta ruwaito cewa saura mako biyu a saki fim ɗin, Greengrass da Damon suka fito da sabon ƙarshe, aka kashe kusan dala 200,000, aka janyo Damon daga wurin ɗaukar wani fim, Ocean's Twelve, aka sake ɗauka. Shi ne wanda muka sani: New York, Bourne ya kira Landy a waya, ta gode masa, ta ba shi haƙuri, ko da yake ta ce ba a hukumance ba, ta gaya masa sunansa na gaskiya David Webb, an haife shi a Nixa ta jihar Missouri. Shi kuma ya ce ta je ta huta, ya ga alamar gajiya a fuskarta, ta waiga ta gane yana kallonta daga wani bene, kiɗa ya tashi. Cikin minti biyu mai laifi ya koma wanda ake ba haƙuri, ya koma gwanin da ba a iya kamawa. Da aka yi nunin gwaji da wannan ƙarshen, makin da 'yan kallo suka ba fim ɗin ya ƙaru da goma.